Jauro, Inshora Ba Jangali Ba Ce

Jauro ɗan Fillo, bawan gidanmu, ina gaisuwa daga Lafiyar Barebari, hedikwatar jiharku. Na san ambaton hedikwatar nan yana sosa maka rai, shi ya sa na fara da shi. Tun ranar 1 ga Oktoba, 1996, da Janar Sani Abacha ya yanko Nasarawa daga Filato, a nan ake sa hannu, ku kuma a aika muku Keffi ku karanta. An rarrashe ku da jami'ar jiha, kun karɓa kun yi shiru. To, yau ma ga wata takardar ka karanta, a kan motarka ce.

An ce tun daga gadar Antau ake jin tahowarka. Kafin ka kai ƙofar jami'a kaji sun watse, jarirai sun farka, masu gyangyaɗin azahar sun yi salati. Ɗalibai na ɗaga maka hannu, kai kuma kana washe baki a bayan baƙin gilashin da ba wanda ke hango ka ta cikinsa. Wannan ya fi komai ba ni dariya: mutum ya kashe kuɗi don a gan shi, ya ƙara kashe wasu don kada a gan shi. Gilashin ma, tun 1991 akwai dokar da ta hana shi sai da izinin 'yan sanda, amma wannan tsakaninka da su ne.

Bari in zayyana wa masu karatu abin da ka aikata, kada su ce Babarbare ya yi wa bawansa ƙazafi. Camry ce ƙirar 2008, wadda dillalai ke kira Masul. Lafiya lau ta zo daga Kwatano, da injinta mai fulogi huɗu, lita 2.4, ƙarfin doki 158. Ba ta taɓa ba ka kunya ba. Ka murza makulli ta tashi, ta kai ka aiki Abuja ta dawo da kai. Sai ran nan wani yaro sa'an ƙaninka ya wuce ka a Gora cikin wata Marsandi, ya bule ka da ƙura, zuciyar Fillo ta motsa. Ba a yi mako ba bijimai suka bar ruga suka nufi kara, mota kuma ta nufi wani gareji a Apo. Aka sauke injin da Toyota ta ɗora mata, aka ɗora mai fulogi shida, lita 3.5, ƙarfin doki 268. Da yake inji ba ya ƙaura shi kaɗai, giya ta bi shi, birenbos ya bi shi, aka warware wayoyin mota aka sake ƙulla su da salatif. Dawaki 110 aka ƙara wa mutumin da sanda ya gada. Mu da muka gaji doki tun daga Ngazargamu, linzami ɗaya muke riƙewa.

Sai salansa. Bakanike ya ce maka indomi ne ya shaƙe wa mota wuya, a fasa a cire ta sha iska. Ka ce a cire. Ya ce zai jefar maka da shi a bola, har da yi masa godiya. Jauro, abin nan an shafe cikinsa da ƙarafa masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam, su ke rage dafin hayaƙi kafin ya fito, kuma akwai masu bi gareji-gareji suna saye da kuɗi mai kauri. Ka biya ladan aiki, ka kuma haɗa da tukuici. Aka zare tamostat aka haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi, alhali motocin Toyota na yawo a Saudiyya da tamostat ɗinsu a ciki. Aka sa rim mai inci 20 da siririyar taya, aka sassauke motar har sai ka karkace kafin ka haye tudun rage gudu, wani lokaci ma sai na baya sun sauka. Aka sa fararen fitilun nan masu kashe wa mai tahowa ido. Daga ƙarshe, da fetur ya fara ci maka tuwo a ƙwarya, don fulogi shida ba wasa yake da tanki ba, ka kai aka ɗaure mata tukunyar gas a but.

Duk wannan ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Kuɗinka ne, shanunka ne, kunnuwan maƙwabtanka ne. Abin da ya tayar da ni shi ne amsar da ka ba ni a waya da na tambaye ka ko ka sanar da masu inshora. Cewa ka yi: "Su kuma a su wa? Motata ce ko tasu?" Ka ƙara da cewa babbar inshorar da aka tilasta maka lokacin da ka ci bashin sayen motar za ta ƙare wata mai zuwa, kuma ka yanke shawara: ko dai ka sabunta ta shiru yadda take, ko ka koma ƙaramar nan ta dubu goma sha biyar da kowa ke yi. To zauna, duka biyun akwai rami a gabansu.

Mu fara da ƙaramar, wadda ake kira tad-fati. Ita ce ta dole, dokarta tun ta 1945 ce, zamanin Turawa. Shekara da shekaru naira 5,000 ake biya wa motar gida, har hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da ita naira 15,000 daga 1 ga Janairu, 2023, ta kuma ɗaga abin da ake biya na ɓarnar dukiyar wani daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairu, 2025, 'yan sanda suka shiga tare hanya suna neman ta. Farashinta a yanke yake. Da kai mai dawaki 268, da tsohon hedimasta mai Fijo 504 da ba ya wuce 60 ko ana binsa da gudu, kuɗi ɗaya za ku ajiye. Nan ne ka ga kamar ka ci banza, kuma a ranar biya ka ci ɗin. Sai dai takardar nan ba ta san motarka ba. Ko madubin gefe ba za ta saya maka ba. In ta ƙone, in an sace, in ka rungumi bishiya da ita, da injin da rim ɗin da bijiman da suka zama su, duk sun tafi ke nan. Wanda ka buge aka yi ta dominsa.

Ku mutanen Keffi kun fi kowa sanin yadda ake yin abu a nan wani can ya biya. A watan Oktoban 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni, wakilin Turawa, ya hau doki ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu. Gwamna Lugga ya sa wannan cikin hujjojinsa, Fabrairun 1903 dakarunsa suka fasa Kano. Shi Magaji namijin duniya ne, ƙin mulkin baƙo ya sa shi, ba na haɗa ka da shi ko a mafarki. Shi da dalili ya bar gari a guje, kai ba dalili kake gudu. Abin da nake nuna maka, talakan Kano bai ji ba bai gani ba, a kansa abin ya ƙare. Irin wannan mutumin doka ta ce a tanadar wa abin biya tun kafin a tayar da mota.

Amma dubi hanyar da kake bi kullum da asuba. Gora, Auta Balefi, Masaka, Ado, Mararaba, Nyanya, ka isa Kugbo. Ka san irin motocin da ake gogayya da su a wannan cunkoso. Akwai jif ɗin da fitilunta biyu da bamba da bonet kaɗai za su lashe miliyan ukun nan su miƙo hannu. In ka shige bayan irinta, kamfani zai biya iyakar abin da ya yi alkawari ya kakkaɓe riga, ragowar kuma a garkenka za a nemo ta. Mota mai saurin zabura a hannun mai saurin zuciya, a hanyar da 'yan acaba da masu tallar biredi da yaran makaranta ke tsallakawa ko'ina, ita ce ta fi buƙatar rufi mai faɗi, kai kuma ita kake shirin lulluɓawa da mafi ƙanƙanta. Wannan ma in takardar ta gaske ce. In wurin yaran nan masu jaka a gindin bishiya ka karɓa, waɗanda ke cewa kawo dubu biyar yanzu a buga maka, to ka sayi fenti ne a kan takarda. Ƙungiyar kamfanonin inshora na da rumbun bayanai, NIID, inda ake sa lambar mota a waya a ga ko tana ciki. Ɗan sandan da zai tare ka ma nan zai duba.

Yanzu babbar, wadda ke biyan taka motar da ta wanda ka buge. Ita ba ta da yankakken farashi, kaso ake ɗauka daga darajar mota, kuma wancan umarni na NAICOM ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 bayan duk wani rangwame. Ɗauko alli, na san lissafin da ya wuce ƙirgen ƙaho yana ba ka wuya. A ce an rubuta motarka a naira miliyan 8: mafi ƙarancin abin da za ka biya a shekara 400,000 ne. A ce kayan da ka jibga mata sun ci miliyan 2, kana kuma so in sun salwanta a biya ka: daraja ta koma miliyan 10, biya ya koma 500,000. Dubu ɗari ke nan kowace shekara, kuma wannan ƙasan farashi ne, ba a zo maganar haɗari ba tukuna. Kashi biyar ɗin na motar da take yadda aka ƙero ta ne. Taka kuwa, mai tantancewa na da damar ya ɗora ƙari, ko ya ɗaga kason da za ka fara biya daga aljihunka kafin kamfani ya sa hannu a gyara, ko ya ce sai injiniyansu ya duba aikin, ko ya ce Alhaji mun gode, gwada gaba.

Ga kuma wani abin haushin da dillalan mota suka sani, kai ba ka sani ba. Inshora tana mayar da mutum inda yake ne kafin asara, gwargwadon abin da motarsa za ta yi a kasuwa. To kai Masul ɗinka bakin dillalai ka gani. Da zarar an ɗaga bonet an ga an taɓa inji, an ga salatif a wayoyi, an leƙa ƙasa an ga ba indomi, sai mai saye ya fara ja da baya yana rage tayi. Ka kashe miliyoyi ka rage mata daraja. Don haka in ba a rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya an amince da kuɗinsu tun farko ba, ranar biya rigima ce.

Kada ka ce zalunci ne don sun ɗora ƙari. Su ba sa jin daɗin ƙarar salansa, lissafi suke yi. Iyakar gudun motar gida a babbar hanya mai tagwayen layi kilomita 100 ne a awa, a cikin gari 50. Injinka na da yana kai wannan ba tare da ya yi nishi ba, ka ga ke nan dawakin da ka ƙaro ba su da aiki sai a inda doka ta ƙare. Tazarar da mota ke ci bayan an taka birki kuwa ba a hankali take ƙaruwa ba: daga 100 zuwa 140 kusan ninkawa take yi, in gudu ya ninka sau biyu ita sau huɗu. Kai kuma ka ƙara wa inji ƙarfi, ka bar birkin da ka tarar, ka ɗora nauyi a gaba, ka ɗora wani a but, ka sa tayar da rami ɗaya ke fasa ta har ya lanƙwasa rim. Wayoyin da aka ƙulla da hannu suna cikin abubuwan da ke tayar da gobara. Rim mai sheƙi kuma kiran ɓarawo yake yi. Bayan duk wannan akwai kai kanka. Wanda ya sayar da bijimi don motarsa ta ƙara gudu ya riga ya faɗi abin da yake niyyar yi da ita, ba sai an sa shi rantsuwa ba.

Na san inda ka gaji dabarar yin shiru. Kakanka in ya ji masu ƙirgen jangali sun doso, tun da duhu yake kora rabin garke bayan dutse, ya bar ramammu a fili, ya tsuguna yana rantse-rantse cewa ciwon bara ya cinye sauran. Ya ci riba, don a jangali saniyar da ba a ƙirga ba ta tsira. Har Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu a 1979, ana wannan ɓuya. Amma Jauro, a nan abin a juye yake. A inshora, abin da ba a ƙirga ba shi ne ba a biya, kuma yakan ja wanda aka ƙirga su nutse tare.

Ga yadda ranar take zuwa, Allah ya nisanta ta. Mota na gareji gaba ya lotse, ka cike takardar neman diyya, ka sa babbar riga. Sai ga wani siririn mutum da fayil a hammata da 'yar tocila. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, har jaje zai yi maka. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsaya a taya ya karanta abin da ke rubuce a gefenta. Ya sa a ɓanɓare bonet. Ya sunkuya, ya goge maiƙo da tsumma, ya haska lambar inji, ya dubi fayil, ya sake haskawa. Ya ƙirga kan fulogi da ɗan yatsa, a fayil huɗu, a gabansa ba huɗu ba. Ya buɗe but ya ga tukunya. Ya ɗauki hoto da waya, ƙyas, ƙyas. Sannan ya miƙo maka hannu ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, Alhaji, za ka ji daga ofis." Wasiƙar da za ta biyo baya gajeriya ce: motar da suka ɗauki nauyinta daban, wadda ta yi haɗari daban. Kuma ba su yi ƙarya ba. Wadda ke cikin takardarka ta rasu a Apo, kai ne ka ci gaba da biya mata kuɗi duk shekara.

Ka san Sarkinmu na Lafiya, Mai Shari'a Sidi Bage, daga Kotun Ƙoli ya zo gadon sarauta, saboda haka ko iskar garin nan ka shaƙa za ka tsinci doka. Bari in sammaka. Tushen maganar wata shari'a ce da aka yi a Landan a 1766, tsakanin Carter da Boehm. Gwamnan wani sansanin Ingilishi a tsibirin Sumatra ya sa aka yi masa inshora ko da abokan gaba za su ƙwace wurin. Faransawa suka zo suka ƙwace. Mai inshora ya ce ba zai biya ba, an ɓoye masa raunin sansanin. Alƙali Mansfield ya kafa ƙa'idar da ake bi har yau, cewa wanda ya san abin da zai sauya lissafin ɗan'uwansa a wannan ciniki, wajibi ne ya faɗa. Abin sha'awa, a wannan shari'ar mai inshoran ne ya faɗi, don alƙali ya ga abin da yake kuka da shi abu ne da ya kamata ya sani da kansa. Ka ga tun ran farko suna neman ƙofar zillewa, ban ce waliyyai ba ne. Shi ya sa mai hankali ba ya buɗe musu ita da hannunsa.

Dokarmu ta inshora ta 2003, wadda ta yi aiki har Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwa a 2025, ta ma tausaya wa irinku. Ta ce kamfani ya tsara takardar neman inshora yadda za ta tambayi duk abin da ya ɗauka da muhimmanci, abin da bai tambaya ba kada ya dawo ya ce muhimmi ne. Madalla. To ɗauko taka ka duba. Akwai gurbin lambar inji. Akwai na girman inji. Akwai na aikin da za a riƙa yi da mota. Galibi akwai tambaya ƙarara ko an sauya wani abu daga yadda aka ƙero ta. In ka sabunta a kan tsohon bayani, ba shiru ka yi ba, ƙarya ka sa wa hannu.

Ka gode wa Allah ma a nan kake. A Ingila kowace irin mota na da rukuninta na inshora, ana duba shekarun direba da unguwarsa da tarihin tuƙinsa, rim ma in ka sauya sai ka faɗa. A Jamus irin wannan aikin sai masu binciken TÜV sun duba an shigar da shi takarda, in ba haka ba izinin hawa titi ya faɗi. Da can ne, da tuni Masul na ɗaure kana bin bas.

Akwai abu biyu da kake yi da motar waɗanda ko ba ka taɓa inji ba sun isa su kashe maka takarda. Na farko wasan mota. An nuna mini bidiyon bikin ƙanwar abokinka, kana juyi a fili taya na hayaƙi, yara sun yi da'ira suna ihu, tsakaninsu da bambarka bai fi taku uku ba. Takardar inshorar motar gida tana cire tsere da gwajin gudu daga abin da ta ɗauka, a rubuce yake, je ka karanta ƙananan layukan nan da ka tsallake. Na biyu kabu-kabu. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, rabin ma'aikatan da ke kwana Keffi su yi aiki Abuja sun zama direbobin haya na asuba, kai ma kana tsayawa ka kwashi mutum huɗu a haɗa maka kuɗin mai. Ban ga laifinka ba, ga kuma kuɗin tolget da aka fara karɓa a hanyar Keffi zuwa Makurdi a Fabrairun 2025, naira 500 ƙaramar mota, wanda na san shi ne uzurinka na daina zuwa gaishe da iyayen gidanka a Lafiya. Amma ɗaukar fasinja don kuɗi aikin motar haya ne, inshorarsa daban, kuɗinsa daban. Ranar da abu ya faru da mutum huɗu a ciki, kowannensu zai faɗi nawa ya biya ka.

Tukunyar gas ita kaɗai ce a cikin aikinka na ga hankali a ciki, shi ya sa nake zargin ba shawararka ba ce. Gas ɗin CNG ya fi fetur araha nesa, gwamnati ma ta kafa shiri musamman tun 2023 tana kiran mutane su koma. Amma a ina aka ɗaura maka? Tukunyar nan iskar da ake dannawa cikinta ta kai awon matsi 200, kusan ninki ɗari na abin da ke cikin tayarka. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse tana shan gas a wani gidan mai a Benin, mutane suka jikkata, bincike ya nuna tukunyar ba ta ƙa'ida ba ce, haɗin mai walda ce. In a cibiyar da aka amince da ita aka yi maka, suna ba da shaida, ka kai wa kamfani ya shigar. In kuwa wani ne ya yi maka a bayan kasuwa don ya fi sauƙi, kada ka ƙara ɗaukar ko kaza a motar nan, ni ma in na zo Keffi na gode, zan hau acaba.

Saura uzurinka na ƙarshe, wanda kake fitowa da shi duk lokacin da kuɗi za su fita daga aljihunka: wai malamai sun ce inshora akwai shubuha. Ban taɓa jin ka tuna da malamai ba lokacin da kake firgita masu fitowa daga masallaci da salansa. Amma to, an toshe wannan ƙofar ma. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful sun samu lasisi a 2016. Tsarin gudummawa ne: kowa ya zuba a asusu ɗaya, wanda masifa ta faɗa wa a ɗiba a taimaka masa, in an samu rara a raba. Sai dai ka lura, a can ɓoye-ɓoyenka ya fi muni. Ba wani kamfanin Legas za ka cuta ba, tsohon hedimastan nan mai 504 da ire-irensa ne za su ɗauki nauyin dawakinka ba da saninsu ba. Je ka tambayi malamin naka sunan wannan a fiƙihu.

Da a ce bijimi ɗaya daga ciki ka kashe shi a kan taya huɗu sababbi masu kwanan wata na bana, da birki na asali, da shokozoba, da na'urar bin sawun mota in an sace, wadda wasu kamfanonin ma sharaɗi suke sa ta, da ba mai ɗora maka ko kwabo, da kuma ni ban samu abin rubutawa ba wannan makon. Amma wa zai ji ƙarar sabon birki daga gadar Antau?

Saboda haka ga umarni daga hedikwata. Ran Litinin ka ɗauki motar, a hankali, ka fara da ofishin lasin a gyara lambar inji a takardunka. Daga nan ka wuce wurin masu inshorarka da rasit ɗin duk abin da ka saya da shaidar tukunyar gas. Ka buɗe musu bonet da but da hannunka, ka faɗi maganar fasinjan asuba, ka ce su rubuta komai su buga hatimi su ba ka kwafi. Maganar baki da ɗan kamasho ba ta zama hujja. In kuɗin da suka yanka ya fi ƙarfinka, ka koma Apo ka roƙi tsohon injinka, in har bakaniken bai riga ya jefar maka da shi inda ya jefar da indomi ba. Kuma ko nawa suka caje ka, kada ka zo mini da kukan talauci a watan Cika-ciki. Kuɗin sharata na bana ban yafe ba.